Kowace Laraba a Buenos Aires

Ƙarfe huɗu nakan ajiye tasi,
in hau hawa na uku, in kwanta.
Likita Herminia tana bayana, ba na ganinta,
sai ƙarar alƙalami da tarin da take dannewa.

"Faɗi duk abin da ya zo bakinka, Anselmo."
Na ce ruwan sama. Na ce tsadar mai.
Na ce mafarkin jiya: jirgin ƙasa
ya tafi da takalmana, ya bar ni tsaye.

Shekara biyu ina kewaya rijiya ɗaya,
na ƙi leƙawa.

Ran nan ta makara da minti shida.
Na tashi da faɗa, murya na rawa:
"Kullum haka kike yi mini, Mama!"

Shiru.
Agogon bango bai fasa aikinsa ba.

Tuntuɓen harshe ya tono yaron da na binne:
ɗan shekara bakwai a tashar Retiro,
riƙe da lemo,
yana jiran wadda ba ta sauko ba.

"Lokaci ya yi," in ji ta.
Na biya. Na manta hulata a kan kujera.
Ta ce wannan ma za mu yi maganarsa.