Shingen Mai Sanda

Rijiya talatin da biyu na haƙa
tsakanin Taura da Ringim.
Ta talatin da uku ce ta karya mini ƙugu.
Yau buta ɗaya nake iya ɗauka,
ita ma sai na huta a bakin rumbu.

Taku goma sha ɗaya ne
daga tabarmata zuwa gindin danga.
Na ƙirga.
Ranar da ƙafa ta tashi da fushi, sha huɗu.

Nadabo ya dawo daga kasuwar Gujungu
da irin latas da na'ana'a a ƙullin leda.
Na ce, ɗana, waɗannan 'yan gata ne,
a ba su da safe, a ba su da yamma,
ka makara kwana ɗaya su kwanta maka.
Jibi kana Kano, ni ina nan.
Wa zai durƙusa musu?

Samo mini masu haƙuri.

Aguwa tukuna, ta bayan ɗaki:
a karya reshe, a soka a ƙasa, a juya baya.
Akuyar Tambai ta sansana sau ɗaya,
ba ta sake ba.

Zogale uku.
Na sa ya sare kansu daidai kafaɗata
don in tsinka a tsaye, sanda a hammata.
Ɗaɗɗoya kuwa inda nake alwala,
ta sha abin da ya zubo daga gwiwar hannu.
Sau biyar a rana,
ba ta taɓa neman ƙari ba.

Kabewa na ƙi.
Mai yaɗo ce, wata rana
za ta miƙo hannu ta harɗe mini sanda.
Ya ce to sarƙaƙiya, saboda ɓarayin kaji.
Na ce wanda ya san zai faɗi
ba ya shuka ƙaya inda zai faɗi.

Lalle ne muka yi gardama a kansa.
Ya ce, Baba, me tsoho zai yi da lalle?
Na yi shiru.
Uwarsa ce ta so shi, bai sani ba.

Rani ya zo ya yi abin da ya saba.
Lallen ya kakkaɓe, ya tsaya da ransa.
Kafin sallah yaran maƙwabta suka fara sallama,
kowacce da ɗan ƙoƙo,
kowacce ta bar mini guga ɗaya a randa.
Ban sa farashi ba.

Zogale ɗaya gara ta ci,
ta haɗa da karan dangar bayansa.
Nadabo ya bugo waya, zai zo ya toshe.
Na ce bar shi.
Ta wannan kafar nake hango
rijiya ta goma sha tara,
har yanzu ana ja.