Harafi Ɗaya

A Oulu rana kan faɗi tun kafin la'asar.
Ƙarfe uku na kunna fitilar ofis,
ga takardar Reima a gabana,
shafi arba'in da ɗaya.

Mako biyar ke nan
da muka gutsuri ƙarin da ke wuyansa,
'yar tsoka ba ta kai ƙwayar wake ba.
Muka sa ta a ƙanƙara, jirgin dare ya yi kudu da ita.
Can aka warware ta zare-zare,
aka karance rubutun da jiki ke ɓoyewa
a cikin ƙwayoyin halitta.

Harafi ɗaya ne ya kauce daga sahu.
Ɗaya tak, cikin biliyan uku.

Ran Laraba muka haɗu a fuskar kwamfuta,
mu sha huɗu, kowa a ɗan akwatinsa,
wani na tauna burodi, wata muryarta na tsinkewa.
Aka ce akwai magani.
Don huhun manya aka yi shi,
ba wanda ya taɓa auna shi ga mai kilo sha tara.
Wasiƙa uku na rubuta ina roƙon izini.
Marjut mai haɗa magani ta daka ƙwayar a ɗan turmi,
ta kasa garin gida huɗu
tana riƙe da numfashinta.

Uban yaron shi ke tuƙa motar share dusar ƙanƙara.
Ya shigo da jiƙaƙƙen takalmi,
ya zauna a kujerar yara, gwiwa har ƙirji.
"Wato kun gano shi," in ji shi.
Na ce mun san sunansa.
"To ai shi ke nan."
Na dubi hannuwana.
Sanin sunan ɓarawo daban, kama shi daban.
Shekara goma sha biyu na yi ina karatu,
ba malamin da ya koya mini
yadda ake miƙa wa mutum rabin albishir.

Ga kuma shafi na talatin da takwas
da ban buɗe masa ba ran nan.
Harafin bai tsaya a ƙarin ba,
da shi aka haifi yaron. Gado ne.
Ƙanwarsa Sirkku na ƙasa tana jan motar roba.
Gobe sai na nemi jininta ita ma.

A gado na gaba akwai Ilona.
Tata takardar ta dawo wayam.
An tankaɗe, an rairaye, babu abin kamawa.
Uwarta ta ji ta bayan labule
cewa an samo wa maƙwabci nasa.
Ba ta tambaye ni komai ba,
hular 'yarta kawai ta gyara.
Wannan shirun ya bi ni har gida,
ya zauna da ni a kan abinci.

Reima na shan nasa cikin cokalin yogot,
ya ce ɗanɗanonsa kamar an tsotsi makulli.
Kwana na tara ya nemi soyayyen kifi.
Ma'aikaciyar jinya ta rubuta a fayil, ta ja layi biyu,
ta dube ni, na kau da kai.
Sai Fabrairu za a ɗauki hoto.
Kafin nan ba na bari ko bakina ya ji ina sa rai.

Ƙarfe goma na dare na hau kekena.
Sanyi na yanka kunne,
amma titin a share yake tas har bakin gada.
Na san wanda ya bi ta nan.