Rabon Ƙanƙara

Kafin ladan ya gama gyaran murya
ta riga ta hau ƙirjina ta zauna.
Ba ta kuka. Kallo kawai take yi,
kallon mai bin bashi da ya san ƙofar gidanka.

Tabawa ce ta ɓata ta.
Ta tsince ta a Bilbis, cikin kwalin shayi,
fara fat, ba ta cika tafin hannu ba,
ta ce sunanta Ƙanƙara,
don a Tawa duk abin da ke tuna maka sanyi abin so ne.
Na ce a ba ta sauran tuwo kamar mussar kowa.
Tabawa ta ce, "Wa ya taɓa ganin damisa ta hura wuta?"
Ta yanka hanta ɗanya, ƙanana ƙanana,
a murfin wani kwano mai tsaga a baki.
Daga ranar maganar tuwo ta mutu.

Damina uku ke nan babu Tabawa.
Ta bar mini turmin da ban iya daka ba,
zannuwa a akwati,
da wannan baki.

Kowace safiya sai rumfar Arzika.
Yana hango ni ya kama wasa wuƙa yana dariya,
"Ga yaron mussa ya iso!"
Na dala arba'in: huhu, ɗan gefen zuciya,
guntun hanta in ya tashi da fara'a.
Ya naɗe a takardar siminti, jini na ɓullowa ta ƙasa,
ƙudaje su rako ni har zaure.

Bara na dala ashirin ne.
Fansho kuwa bai ji labarin ƙarin ba.
Shekara talatin ina auna wasiƙu a gidan waya,
yau ga ni ina auna huhu da ido,
miyata ta koma kuka da daddawa zalla.

Zuwera, ɗiyar ƙanena, likitar dabbobi,
ta zo ta buɗe bakin Ƙanƙara, ta latsa mata ciki.
"Baba, ɗanyen nama a wannan bazara?
Tsutsa fa, da cutar da ido ba ya gani.
Ka tafasa, ko ka sa a firiji."
Na nuna mata randa, na ce ga firijina,
kuran bai taɓa ɗauke mata ba.
Ba ta yi dariya ba.
Ta bar ƙwayoyi a leda, ta ce tsoka kaɗai ba ta gina ƙashi.

Na tafasa, kwana biyu.
Ƙanƙara ta sunsuna, ta dube ni,
ta tona ƙasa gefen murfin kamar mai rufe abin kunya,
ta hau katanga ta ba ni baya.
Rana ta uku na koma wajen Arzika tun da duhu,
in samu naman da ɗuminsa, kafin rana ta sa masa hannu.
Murfin ina wanke shi da sabulu, hannuna ma.
Ƙwayar ina ɓoye ta cikin hanta.
Iyakar sulhun da muka iya ke nan, mu uku.

Jiya ashirin da takwas ga wata.
Aljihu ya bushe kamar Babaye kafin ruwa.
Na kankare mata abin da ya rage a takarda,
na ci tuwona gaya, na kwanta.

Da asuba ba ta hau ƙirjina ba.
Na laluba takalmi, ƙafata ta taɓa wani abu mai laushi.
Ɓera ne, a kan takalmin dama.
Ta cinye kan, ta bar mini cinyoyi.
Tana zaune gefe, wutsiya naɗe da ƙafafu,
tana jira in fara.

Ɗanye.
Yadda aka koya mata ana ba wanda ake so.

Na ce, "Allah amfana."
Na jira har ta juya tana lasar hannu,
na kai shi gindin zogalen Tabawa na binne.

Zuwera ba za ta ji wannan ba.