Kifin da Ke Iyo Rigingine

Riyal goma sha biyar na biya
a shagon Ba'indiye da ke bayan Bab Makka.
Kifaye huɗu ya ƙulle mini a leda,
na biyar ɗin ya ce gyara ne,
don shi ma bai san ta inda ya shigo cikin kayansa ba.

Bayan isha'i Suwaiba ta ƙwala kira:
Abba, baƙin ya mutu!
Na tarar da shi ciki a sama,
gashin bakinsa shida na shafar fuskar ruwa.
Na ɗauko 'yar koma zan kwashe gawa,
gawa ta kaɗa wutsiya
ta shige bayan dutse.

To ya sunansa? in ji ta.

Ni da aka yanke wa cibi a Sabil,
ruwan da na sani na gishiri ne,
sai na tanka da ake turowa saman bene.
Kifin da na sani soyayye ne,
kwance kan shinkafa, da ɓarin lemun tsami.

Na ɗauki hotonsa a waya.
Waya ta ba ni suna mai gaɓa bakwai,
harshena ya yi tuntuɓe a ta uku.
Na sake ɗauka, ta sake suna.
Maƙwabcina ɗan Yaman ya ce kumburin ciki ne, a barbaɗa gishiri.
Ba'indiye ya ce in mayar, ya ba ni ja mai doguwar jela.
Hansatu na yankan albasa, ko juyowa ba ta yi ba:
tunda yana ci, ku ƙyale bawan Allah.

Kwana tara muna kiransa wancan.

Ran Juma'a Baba Hashimu mai gadi
ya hauro karɓar kuɗin ruwa.
Mutumin Maiwurno ne,
rabonsa da bakin Nilu shekara talatin da ɗaya.
Ya cire takalmi ɗaya, bai cire ɗayan ba.
Ya zura wa gilashin ido.

Ƙurungu, ya ce,
kamar wanda ya hango ɗan garinsu a tashar mota.

Ya buɗe mini tafin hannunsa na hagu.
Ga tabo nan fari, tsawon ƙwayar dabino.
Ƙayar bayansa ce, ya ce, ina ɗan shekara goma,
mahaifina na jan taru, ni ina tsintar abin da ya faɗo cikin jirgi.
In ka ɗago shi daga ruwa kuka yake,
ƙur, ƙur, kamar ƙyauren da ya daɗe bai ga mai ba.
Lafiyarsa lau.
Abincinsa a sama yake, a ƙarƙashin ganye,
to don me zai juya masa baya?
Duba cikinsa, ya fi gadon bayan duhu.
Ku rage masa wannan fitila, ba ɗan biki ba ne.
Ku samo masa fasasshen tulu ya riƙa ɓuya.

A Jidda ina zan ga tulu?
Kofin shayi na fasa masa.

Suwaiba ta rubuta sunan a takarda
da baƙin Larabci, shi makaranta ta koya mata,
ta manna a gefen gilashi.
Ƙawayenta na karanta shi gurungu,
tana gyara musu da zafi,
ita da ba ta taɓa ganin kogi ba.

Baba Hashimu bai karɓi kuɗin ruwan ba ranar.
Yanzu kusan kullum bayan magariba
sai mu ji tarinsa a matakala.
Hansatu ta ware masa kofi.
Yakan zauna kan kujerar roba,
ya karkatar da kai gefe guda
don ya ga fuskar kifin daidai.
Ban tambaye shi me ya hana shi komawa ba.
Shayinsa dai kan huce.