Hanta da Jini

Shekara talatin ina matsar rake a Kadawa,
doki na zagaye, kasko na tafasa,
har ƙudan zuma sun san warin rigata.
Yau in na hango hayaƙin mazarƙwaila
sai in ratse ta bayan masallaci.

Ɗahare, ƙanwata,
tun muna yara ake ce mana hanta da jini.
Wa ya san maganar za ta hau gadon asibiti?
Aka yanki taki, aka ɗinka a cikina,
a ƙasar da ba mu iya ko gaisuwarsu ba.
Fadamar Baba ta tafi a kuɗin jirgi,
da shanun huɗa biyu,
da keken ɗinkin da kika ce dama ya tsufa.
Bai tsufa ba. Na sani.

Rawayar idona ta washe, kumburi ya sace.
Na ce shi ke nan, an sauke kaya.

Sai ƙishi.
Moɗa biyar kafin asuba, maƙogwaro kamar garwashi,
ni da buta muna sintiri har kiran assalatu.
Jikana Bilya ne ya fara gani:
"Kaka, kiyashi sun yi layi inda ka tsuguna."

Likita a birni ya juya takarda, ya ce,
ƙwayar da ke hana jikinka korar baƙuwa
ita ce ke tada sukari.
In ka bar ta, hanta ta tafi.
In ka sha ta, ga abin da ka gani.
Na yi gudun gara, ashe zago na zaune yana jira.

Yanzu kowace safiya ina huda yatsa,
ɗigo ɗaya, na'ura ta yi ƙiftawa,
ta faɗi lamba kamar dillalin da ba ya ragi:
jiya ɗari uku ba goma.
Ruwan allura yana ƙulle a leda
gindin randa, cikin jiƙaƙƙen yashi,
don wutar garinmu sai ta ga dama.

Ranar Laraba ƙaya ta shiga diddigena.
Kwana uku ina yawo da ita ban ji ba,
sai da Uwale ta ga jini a tabarma.
Wata biyu ke nan, bakin gyambon a buɗe,
ana wankewa, ana naɗewa, yana kallonmu.
Idon dama kuma ya fara yana,
in an miƙo min canji sai in shafa in yarda.

Tuwo malmala ɗaya, ita ma rabi.
Zogale, wake, rama.
Shayi ba zaƙi, ina kurɓa ina harararsa.

Jiya kin zo a bayan babur,
kika zauna, kika kwance tsumman ƙafata da kanki,
ba ki kau da kai ba.
Na ce, "Ɗahare, na gaji."
Kika dafa haƙarƙarinki na dama, wajen tabon,
kika ce, "Aro na ba ka, Yaya Tanimu.
Ka riƙe min ita da kyau."

Da kika tafi, na ɗaga ƙasan filo,
na ciro guntun mazarƙwailar da na ɓoye tun sati,
na sansana,
na kira Bilya.