Harshen Gwaggo Tasalla

Amya bakwai gare ni a bayan gari.
Huɗu na saƙa da hannuna, na shafe da kashin shanu,
uku akwatuna ne, Cindo kafinta ya buga mini
shekarar da na ajiye alli, na bar koyarwa.

Ba sana'a ba ce, ko kuɗin fansho ya fi ta.
Abin da nake tacewa bai cika jarka biyu ba:
rabi na maƙwabta, rabi na masu tari,
ɗan saura ne ke ganin hanyar kasuwa.

Amma kafin kowa ya lasa, sai Gwaggo Tasalla.
Shekara goma sha ɗaya ke nan da idonta ya rufe,
Kiyako kuwa tana nan kwance a harshenta,
gona-gona, fadama da tudu da jigawa.

In kai mata a murfin kwano, ta tsoma yatsa,
ta yi shiru kamar mai jiran kiran salla.
"Magarya ce wannan," in ji ta, "ta kaka.
Ja ce, ko? Ji kauri, ba ta son gudu.
Ɓoye ta, ta mai jego ce bayan haihuwa."

Ta mangwaro, mai duhun nan, ba ta yaba mata:
"Zaƙi ne kawai, babu labari."
Ta darbejiya kan sa ta tsuke baki,
ɗaci na laɓe can ƙasan maƙogwaro.
"Sha dai, ɗan nan, masassara ba ta son ta.
Ba duk mai ɗaci ke nufin ka da cutarwa."

Ga fara tas, ta riɗi, mai daskarewa
kamar man shanu a ƙoƙo in sanyi ya shigo,
dominta yara ke bi na har ƙofar masallaci.
Ta gawo ba ta da yawa. Shi da ya ƙi ganye da damina,
sai kowa ya kaɗe yake nasa furen,
ƙuda su yi ta guna a kansa har rana ta kai faɗuwa.

Bana da bazara na sauke amyar kan tsamiya,
da dare, da hayaƙi a tsohon kasko.
Harbi uku a wuya, ɗaya a fatar ido.
Saƙar ta yi nauyi, na yi hamdala,
na kai mata tun gari bai gama wayewa.

Ta lasa. Ta sake lasa. Ta goge yatsa a zane.
"Akwai darbejiya. Akwai mangwaron gidan Barau.
Akwai sukari, sun leƙa teburin mai shayi."
Sai ta juyo da fuska inda take jin numfashina:
"Sabi'u, wa ya taɓa ɗorawa?"

Na ce tana nan. Ni ina ce tana nan,
ta gonar marigayi Na'iya, mai jan tuntu,
wadda shekara arba'in Gwaggo na sayen kalwarta
tana dafawa, unguwa na cin daddawa.

Na hau keke. Rabona da wajen tun girbi.
Kututture na tarar, faɗinsa ya kai tabarma,
da baƙin rami inda aka toya gawayi.
Magada sun raba gona, itacen ya ƙi rabuwa,
sai suka mai da shi buhu talatin, ya rabu.
Na tsaya a tsakar rana, hannu a kan sirdi,
ba reshe, ba guna, ba inuwa.

Da na dawo ba ta tambaye ni ba.
Ta laluba ƙasan gado, ta jawo wata tukunya,
ta zuba mini kalwa bakwai a tafin hannu,
ɗanya, wadda wuta ba ta taɓa ba.
"Ni ba zan lasa ba. Kai ma da wuya.
Ka dai kewaye da ƙaya saboda awakin Barau."

Suna nan a ledar ruwa, a gindin randa.
Huɗu sun yi shiru.
Uku na tsirowa.