Ƙafar Aro

Da asuba, sanyin Bukuru na cizon yatsu,
nakan bi layin keji ina tsintar ƙwai.
Dubu shida ne kajin Alhaji Barau,
biyar-biyar a akwatin ƙarfe,
fitila ba ta mutuwa a kansu
don kada su san dare ya yi.

Jiya ya tsaya yana lissafi a waya:
"Baɗi rumfa uku. Abuja na jira,
cikin birni ba ya ƙoshi."
Gaskiya ya faɗa. Ni ma 'yata
da ƙwan nan take zuwa makaranta.

Likita Chundung ta zo daga Vom,
ta ɗaga wata: ƙirji ba gashi,
farata sun lanƙwashe kamar ƙugiya.
"Rage su zuwa uku. Bar su su yi barci."
Ya ce zai duba. Ya shiga mota.

Da la'asar ɗaya ta sulale,
ta dira ƙasa, ta tsaya cik.
Wata goma sha huɗu tana duniya
ba ta taɓa taka turɓaya ba.
Kajin kakata a Gindiri
kan yi wanka a toka, su kori kare.
Wannan tana kallon ƙafarta kamar ta aro.

Na ajiye kiret, na tsuguna.
Can sai ta ja ƙafa baya, sau ɗaya,
ƙasa ta ɗan tashi.

Ban mayar da ita ba sai magariba.
Ranar lissafi ya gaza da ƙwai guda.
Na rubuta: ya fashe.